Akwatin da Ba Ya Amsa Kira

Sanyin Jos ya shigo da wuri bana.
Rigunan sanyi goma sha biyu na jiran hannuna,
na 'yan wata makaranta a Gangare, kore da ruwan toka,
an biya rabin kuɗi, an ce Litinin a kawo.
Hannu biyu Allah ya ba ni,
ɗaya na kan injin saƙa, ɗaya na bin zare.
To Mudassir fa, da wanne zan ɗauke shi?

Sai na tokare shi da matashi biyu,
na kunna masa talabijin.
Wata huɗu ke gare shi da 'yan kwanaki,
amma zo ka ga yadda ya yi tsit,
kamar an ɗaure idonsa da igiya.
Shuɗi ya gilma a fuskarsa, ja ya gilma,
wani kifi mai surutu ya gilma,
yawu na bin haɓarsa, bai sani ba.
Ni kuwa na gama hannun riga, na gama wuya,
na ce madalla, na sami mai reno
wadda ba ta cin tuwo, ba ta neman ladan wata.

Maman Nanret ta leƙo aron ashana,
ita da ke auna jarirai a asibiti.
Ta dubi yaron, ta dube ni.
"Zinatu, abin nan ba ya amsa masa.
In ya ce 'ba', wa zai mayar masa da 'ba'?
Ido ya ƙoshi, baki na kwana da yunwa."
Na miƙa mata ashana ina dariya,
na ce in za ta goya min shi, yanzu na kashe.
Ta tafi.
Maganar ta zauna,
tsakuwa a cikin shinkafa.

Ranar Alhamis ne.
Ina ƙirga layi, saba'in da huɗu, saba'in da biyar,
sai na ji wani sauti a bayana,
ɗan ƙyalƙyali, sabo fil, ban taɓa jin irinsa ba.
Dariyarsa ta farko!
Na juya da sauri in karɓa,
ashe ba ni aka ba ba.
Hannunsa a miƙe wajen gilashi,
ya ba kifin abin da nake jira tun yana ciki.
Kifin ko ya kaɗa wutsiya ya ɓace,
aka shiga tallar sabulun wanki.

Na kashe.
Ya tsala kukan da ya kai bakin titi,
har mai shayi ya aiko tambaya ko lafiya.
Na ɗora shi a cinya, ban san me zan nuna masa ba.
Dunƙulen zare ya suɓuce,
ya gangara, ya gangara, ya shige ƙarƙashin gado,
idonsa na biye, hawaye bai bushe ba.
Na ce ga kore. Na ce ga toka.
Ya damƙi leɓena da yatsu masu ɗumi,
ya ja, kamar can ake kunna maganar.
Na ce "ba".
Ya ce wani abu da ya kusa.

Litinin riguna tara na kai.
Shugabar makaranta ta haɗa rai,
ta zaftare min dubu biyu.

Ba zan rantse ba.
Akwai ranar da miya za ta kama ƙuna,
wanki ya taru, ciniki ya matsa,
hannuna ya lalubi rimot ban shawarce shi ba.
Amma na janyo shimfiɗarsa gefen inji,
na juya bayansa ga bango, fuskarsa gare ni.
Yanzu ni ce tashar da yake kamawa.
Launi kaɗan ne, shiri ɗaya kullum,
wata mata mai jan ido tana ƙirga layi.
Sai dai in ya kira,
ko ƙirgan zai ɓace mata,
tana ɗagowa.